Babi na Shida: Auren da Ba Shi da Mai Ɗaurawa

Wanda ya saba da ɗaurin auren ƙasarmu, in aka kai shi ɗaurin auren 'yan Kweka a Ingila, zai daɗe yana jiran a fara alhali an riga an yi nisa. Ɗaki ne fayau, ba gicciye, ba mumbari, ba hoton kowa a bango. An jera kujeru suna kallon juna, ga tebur a tsakiya, a kansa wata faffaɗar takarda da alƙalami. Mutane su yi ta shigowa ɗaiɗai suna zama, kowa ya kame bakinsa. Minti biyar, minti goma, ba abin da kake ji sai motsin kujera ko ƙunƙunin jinjiri a cinyar uwarsa. Can sai masu auren su miƙe da kansu, ba wanda ya kira su, su riƙe hannun juna. Kowannensu ya dubi jama'a, ya kira su abokai, ya shaida musu cewa ya ɗauki wannan da ke gefensa abokin zama, kuma da taimakon Allah zai riƙe shi da ƙauna da amana muddin suna raye. Su sa hannu a takardar, a karanta ta kowa ya ji, a koma shiru. Wanda zuciyarsa ta motsa ya tashi ya yi addu'a ko 'yar gajeruwar magana ya zauna. Bayan kamar awa guda, dattawa biyu su yi musabaha, alamar taro ya tashi. Daga nan duk wanda ke ɗakin, har yaran da ba su daɗe da iya riƙe alƙalami ba, ya bi layi ya rubuta sunansa a ƙasan takardar. Ita ce za ka tarar rataye a falon gidansu bayan shekara arba'in.

Dole baƙo ya tambaya: to wa ya ɗaura? Za a ce masa ba kowa a cikin mutane. Allah ne ya haɗa su, waɗanda ke ɗakin shaida kawai suka yi. Wannan amsa ta haura shekara 350 a bakinsu, kuma ita ce, fiye da duk wata siyasa, ta kai 'yan Kweka na Birtaniya ga shawarar da suka yanke a birnin York ranar Juma'a, 31 ga Yuli 2009, cewa za su ɗauki auren jinsi daidai da auren mace da namiji, su kuma nemi gwamnati ta gyara doka ta ba su dama.

Mai karatu ya san sunan mutanen nan ko da bai san su ba. Ya gan shi a jikin gwangwanin Quaker Oats, tare da hoton dattijo mai faffaɗar hula, duk da cewa kamfanin ba nasu ba ne, aron sunan kawai aka yi saboda an san su da gaskiya a ciniki. Iyalin Cadbury, waɗanda kamfaninsu ya ba mu Bournvita da Tom Tom, su kam 'yan Kweka ne. Haka waɗanda suka kafa bankin Barclays, wanda reshensa na Najeriya ya koma Union Bank. A zamanin yaƙin basasa ma wasu 'yan Kweka uku, cikinsu har da Adam Curle, sun yi ta kai gwauro suna kai mari da saƙonni tsakanin Janar Gowon da Ojukwu ba tare da an ji ɗuriyarsu ba. Su dai sunan da suke kiran kansu shi ne Abokai. Kalmar Kweka, wato masu makyarkyata, wani alƙali ne ya laƙaba musu ita don ba'a a 1650, bayan jagoransu George Fox ya ce masa ya yi rawar jiki a gaban maganar Ubangiji. Sunan ya bi su, ba su kuma damu da kankare shi ba.

Fox ɗan masaƙi ne, an haife shi a 1624. Ya taso a lokacin da Ingila ke cikin yaƙin basasa da rikicin addini, ya zaga wurin malaman coci yana neman abin da zai kwantar masa da zuciya bai samu ba. Abin da ya fito da shi daga baya shi ne, akwai wani haske na Allah a cikin kowane ɗan Adam, mace ko namiji, bawa ko ɗa, kuma mutum ba ya bukatar wani ya tsaya tsakaninsa da Ubangijinsa. Daga wannan tushe sauran al'adunsu suka tsiro. Ba su da fada ko fasto. Ba sa rantsuwa a kotu, don a ganinsu mai rantsuwa ya yarda ke nan cewa sauran maganarsa ba abar dogaro ba ce. Ba sa cire wa basarake hula. Ba sa ɗaukar makami. 'Yan kasuwarsu ba sa taya da albarka, farashi ɗaya suke faɗa ko yaro aka aiko ko babba. Wannan taurin kai ya jawo musu ɗauri, dubbai suka shiga kurkuku, ɗaruruwa suka mutu a ciki. Shi kansa Fox sau takwas ana ɗaure shi.

Aure ya fi komai ba su wahala. Tunda ba su yarda da fada ba, a idon maƙwabtansu auren da suka yi ba aure ba ne, zaman dadiro ne, 'ya'yansu kuma ba su da gado. Fox bai ja da baya ba. A 1669, shekarar da shi kansa ya auri Margaret Fell a Bristol, ya rubuta cewa haɗa aure aikin Ubangiji ne shi kaɗai, ba na fada ba ne, ba na alƙali ba ne, don haka su Abokai ba sa ɗaura wa kowa aure, shaidu ne kawai. Shi ya sa suka tsananta wajen shaida: a yi bincike kafin aure, a sanar a bainar jama'a, a rubuta, kowa ya sa hannu, yadda ba mai iya cewa a ɓoye aka yi. Tun a 1661 wata kotu a Nottingham ta saurari ƙarar wani da ke son ƙwace gadon yaron da aka haifa a irin wannan aure, alƙali ya ce auren ya inganta. Da majalisar dokoki ta yi dokar aure a 1753, wadda ta tilasta wa kowa a Ingila ya ɗaura aure a cocin gwamnati, jama'a biyu aka keɓe, Yahudawa da 'yan Kweka. Musulmin da ya karanta Risala zai ga wani ɗan kamanni a nan, don ya san abin da aure ke bukata shi ne waliyyi da sadaki da shaidu, liman ba sharaɗi ba ne. Kamannin iyakarsa nan, amma zai taimaka wajen gane dalilin da ya sa kalmar shaida ta yi musu nauyi haka. Mutane ne da aka taɓa ce wa aurensu ba aure ba ne, kuma ba su manta ba.

Maganar masu son jinsinsu ta shigo musu ne ta ƙofar tausayi. A shekarun 1950 a Ingila, namijin da aka kama da namiji yana iya ƙarewa a kurkuku. Alan Turing, masanin lissafin da ya taimaka wajen warware saƙonnin sirrin Jamus a yaƙin duniya na biyu, an yanke masa hukunci a 1952, aka yi ta ɗirka masa allurai wai don a kashe masa sha'awa, ya mutu a 1954. Dokar ta zama jari ga masu tatsar mutane, a ce ka ba da kuɗi ko a tona ka. A 1957, wata masaniyar halittun dabbobi a Cambridge, Anna Bidder, wadda ta ga yadda wasu matasa ke ɗauke da wannan damuwa ba su da wanda za su faɗa wa, ta tara wasu Abokai don su zauna su duba lamarin. Su goma sha ɗaya ne, akwai likitocin ƙwaƙwalwa da malaman makaranta da lauya. Sun shafe shekaru suna zama, suna sauraron mutane, suna shiru irin nasu. A 1963 suka fitar da wani ɗan littafi kan yadda ɗan Kweka zai kalli sha'anin jima'i. A ciki suka kwatanta mai son jinsinsa da bahago, wato wanda haka ya tashi ya sami kansa. Suka ce abin dubawa a kowace dangantaka shi ne ko akwai amana da ƙauna a cikinta, ko kuwa wani ne ke ci da gumin wani.

Ƙura ta tashi, a jaridu da cikin gida. Abokai da yawa sun ji kunya, wasu sun fusata, suka yi ta nanata cewa littafin ra'ayin mutum goma sha ɗaya ne, ba matsayin jama'a ba, kuma gaskiya suka faɗa. Ni dai a nan ne na fi ganin girman waɗannan mutane. A 2009 iska ta riga ta juya, mai goyon baya ba ya asarar komai. A 1963 kuwa ana ɗaure mutane, sai a 1967 aka cire hukuncin a Ingila da Wales. Mutum yana iya riƙe imaninsa cewa abu haramun ne, ya kuma gane cewa jefa ɗan Adam a hannun 'yan damfara da masu duka wani zalunci ne mai zaman kansa. Waɗannan dattawa sun sa sunayensu a takarda a lokacin da yin hakan zai iya ci musu mutunci da aiki.

Daga 1963 zuwa 2009 shekara 46 ne. Wanda bai san yadda suke yanke shawara ba zai ce jan ƙafa ne. 'Yan Kweka ba sa ƙuri'a. Taron shawararsu ibada ne, da shiru ake farawa. Akwai magatakarda a gaban tebur, aikinsa ya saurara. Mutum ya tashi ya yi magana sau ɗaya, ba a tafa masa, ba a mayar masa da martani nan take, sai a bar shiru ya ratsa kafin wani ya tashi. In magatakarda ya ji kamar zukata sun fuskanci wuri ɗaya, sai ya rubuta matsaya a gaban kowa ya karanta. In ta yi daidai, za ka ji ana cewa a hankali, ina fatan haka. In ba ta yi ba, a gyara, ko a ajiye maganar sai wata shekara. Abin da suke nema, a faɗarsu, nufin Allah ne, kuma nufin Allah ba ya bin yawan hannuwa. In magana ta yi zafi sosai, sukan kira wani zama na daban da suke wa laƙabi da taron sussuka, inda ba a yanke komai, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa, a daka a sheƙe har tsaba ta rabu da ƙaiƙayi. Haka suka yi da bauta. A 1688 wasu Abokai a Germantown da ke Pennsylvania suka rubuta takardar ƙin cinikin bayi, amma sai a 1776 babban taron Philadelphia ya ce duk mai riƙe da bawa ba ya cikinsu. Shekara 88, bayi suna jira. Hanyar tana da tsada, kuma waɗanda ke jiran hukunci su ke biya.

Kwamitin da ya daɗe yana gudanar da al'amuran Abokan Birtaniya tsakanin babban taro da babban taro sunansa Taron Wahalhalu, don an kafa shi ne a 1675 domin rubuta sunayen Abokan da ke ɗaure da neman a sake su. A gabansa aka kawo batun zaman masu jinsi ɗaya a 1987. Aka bar wa kowace ƙaramar jama'a damar yin taron ibada don sa albarka ga alƙawarin masu jinsi ɗaya in ta ga dama, amma ba a kira shi aure ba. A Amurka wasu sun riga su, domin a shekarar ta 1987 jama'ar Morningside da ke New York ta yi wa wasu maza biyu taro ta kuma kira shi aure. A ƙarshen 2005 Birtaniya ta fara aiki da dokar zaman tare na rajista, wadda ta ba masu jinsi ɗaya kusan duk haƙƙoƙin ma'aurata ta fuskar gado da fansho. Sai dai dokar ta hana a yi rajistar a wurin ibada, ta hana a sa addini a cikinta. Ga wanda bai damu da addini ba, wannan ba komai ba ne. Ga ɗan Kweka kuwa an taɓa jijiya. Ga mutum biyu da suka shekara ashirin suna zuwa ibada tare, suna shara, suna dafa shayi, suna jinyar tsofaffin jama'a, amma ranar alƙawarinsu dole su tafi ofishin gwamnati inda ba za a ambaci Allah ba, sunansu kuma ba zai shiga littafin auren jama'arsu ba.

Da aka hallara a Jami'ar York a 2009, an shafe kwanaki ana sauraro. Mutane suka tashi suka ba da labarin zamansu da na 'ya'yansu. Masu ja ma suka yi magana, kuma matsayar da aka rubuta ba ta ɓoye cewa an ji muryoyinsu ba. Hujjar da ta rinjaya ita ce ta Fox, an ɗauko ta yadda take. In Allah ne mai haɗawa, mu kuma shaidu, to aikin shaida ya faɗi abin da ya gani. Suka ce mun duba zaman waɗannan mutane shekara da shekaru, mun ga abin da muke kira aure a wurin wasu, ba za mu iya ba shi wani suna ba tare da mun yi ƙarya ba. Suka ƙara da cewa amincewar hukuma abu ne na biyu. Amma ba su umarci jami'ansu masu rajistar aure su karya doka ba. Sun zaɓi su je su yi magana da gwamnati. Sun kuma rubuta cewa akwai bayani a kansu ga sauran Kiristoci, da mabiya wasu addinai, da 'yan'uwansu Abokai na wasu ƙasashe waɗanda ba za su yarda ba.

A gaban 'yan majalisa, muryarsu ta yi nauyin da ya fi yawansu, don duka-duka a Birtaniya ba su kai dubu 25 ba. Kafin nan muhawarar ta kasu gida biyu, masu addini a gefe, marasa addini a gefe. Sai ga jama'ar ibada mai shekara 350, tare da Yahudawa masu sassaucin ra'ayi da wata ƙaramar ɗariƙa ta Yunitariya, suna cewa mu ma 'yancin addininmu muke nema, doka ce ta hana mu yin abin da muka yi imani da shi. Ba su nemi a tilasta wa kowa ba. Dokar da Sarauniya ta sa wa hannu ranar 17 ga Yuli 2013 a kan haka ta tsaya: ƙungiyar addinin da ke so ta shiga da kanta, wadda ba ta so ba mai kai ta kotu, Cocin Ingila kuma aka cire shi gaba ɗaya. An fara ɗaura irin wannan aure ranar 29 ga Maris 2014. 'Yan watanni kafin nan, a Janairun 2014, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi a Najeriya, shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga wanda ya ɗaura ko ya taimaka ko ya yi shaida. A ƙarƙashin wannan doka, duk wanda ya bi layin nan ya rubuta sunansa a ƙasan takarda ya shiga uku.

Kuskure ne babba a ce 'yan Kweka sun amince da auren jinsi a tsaya nan. Ƙasar da ta fi kowace yawan 'yan Kweka a duniya ita ce Kenya, inda suka haura dubu ɗari, kuma kusan rabin Abokan duniya a Afirka suke. A 1902 wasu 'yan mishan uku daga Amurka suka sauka a Kaimosi da ke yammacin Kenya, cikin ƙabilar Luhya, suka kafa coci da makaranta da asibiti. Ibadar da suka kawo ba ta shiru ba ce. Akwai fasto, akwai wa'azi, akwai waƙa, Littafi Mai Tsarki kuma shi ne alƙali. A ƙarshen 2012 shugabannin Cocin Abokai na Kenya suka fitar da sanarwa mai zafi cewa wannan al'amari zunubi ne kuma ya saɓa wa nassi. A Amurka ma gida bai zauna lafiya ba. Babban taron Indiana ya dare biyu a 2013 bayan wata jama'a a Richmond ta ce ƙofarta a buɗe take ga masu son jinsinsu. Wani babban taro a North Carolina ya rushe a 2017, na arewa maso yammacin ƙasar shi ma ya rabu a wannan shekarar. Mutanen da kakanninsu ke kwance a maƙabarta ɗaya suka raba gine-gine da asusu.

Saɓanin ya girmi maganar aure. Tun ƙarni na 19 Abokai ke jayayya kan abu ɗaya: in hasken da ke cikin zuciya da abin da ke rubuce suka yi kamar sun saɓa, wanne ke gaba? Na Birtaniya sun yi imani cewa Allah bai daina magana ba, yana iya nuna wa bayinsa abin da na baya ba su gani ba, kuma sukan kafa hujja da bauta, wadda aka daɗe ana karewa da ayoyi. Na Kenya da masu bishara na Amurka sun ce Ruhun da ya saukar da nassi ba zai dawo ya ƙaryata kansa ba, hasken da ya saɓa wa Littafi kuwa sai a bincike shi. A ganina wannan ja ba na raini ba ne, kuma a nan ne hujjar York ke da rauni. Shaida yana faɗin abin da ya gani, gaskiya ne, amma idon da yake gani da shi tarbiyyar garinsu ce ta wanke shi. Abokin York ya duba ya ga aure. Abokin Kaimosi, wanda shi ma yake addu'a da zuciya ɗaya, ya duba bai gani ba. Hanyar sussuka tana aiki ne in mutane suna ɗaki ɗaya, sun san fuskokin juna, suna da shekara 46 na zama tare. Ba a taɓa yin irin wannan zama tsakanin nahiyoyi ba, kuma ba su da wani shugaba na duniya da zai raba gardama, don kowane babban taro cin gashin kansa yake.

Abin da suke da shi kwamitin tuntuɓa ne kawai, wanda ba ya ba kowa umarni, sai dai ya kira taro. A Afrilun 2012 ya tara su a Jami'ar Kabarak kusa da Nakuru, masu shiru da masu waƙa, ana ibadar safe yau da salon waɗannan gobe da salon waɗancan, kuma maganar jinsi ta tayar da jijiyoyin wuya a can. A Agustan 2024, shekara 400 da haihuwar Fox, suka sake haɗuwa a Afirka ta Kudu. Na Birtaniya sun zo, na Kenya sun zo, ba wanda ya sauya matsayinsa, aka zauna zaure ɗaya ana fassara wa juna magana da Ingilishi da Swahili da Sifaniyanci.